Sadakar Lissafi da Cijewar Sikirin: Sharhi ga Masu Kwamfuta a Gaya da Ajingi

Jiya kwamfuta lafiyarta ƙalau. Yau an motsa maus, kibiyar da ke kan sikirin ta tsaya cak, can sai ta yi tsalle ta dira wani wuri. An buga kalma, haruffanta ba sa fitowa sai hannu ya kai kalma ta gaba. An kunna bidiyo, murya na tafiya, hoto na tsinkewa, fanka kuma sai huci take yi. Mai gyaran farko zai ce bairos ne, na biyu ya ce a ƙara ram, na uku ya ce a goge Windows a sake zubawa. Amma in har mai kwamfutar ya saka manhajar BOINC ko ta Folding@home a 'yan kwanakin nan, to duk su ukun ba su kama bakin zaren ba, kuma kuɗin motar da zai kashe daga Gaya ko Ajingi zuwa Titin Beirut ko Farm Centre a Kano asara ce. Babu abin da ya lalace. Katin zanen da ke cikin kwamfutar, wanda masu gyara ke ce wa girafik, aiki biyu aka ɗora masa, shi kuwa ba a ƙera shi yadda zai ajiye ɗaya ya ɗauki ɗaya cikin hanzari ba.

Bari mu fara da aikin na biyu, tunda ba kowa ya san shi ba. Masana kimiyya suna da lissafin da ya fi ƙarfin kwamfutocin jami'o'insu, ga kuma miliyoyin kwamfutoci a gidaje da ofisoshi suna kunne ba sa tsinana komai. Sai aka ce a yanyanka babban lissafin gunduwa-gunduwa, a tura wa duk wanda ya yarda ta intanet, kwamfutarsa ta warware ta mayar da amsa. Galibi ba a biyan ko sisi, maki kawai ake rubuta wa mutum. Masu farautar manyan lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya sun soma tun 1996 da shirin GIMPS. A watan Mayun 1999 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta buɗe SETI@home don tace siginar rediyo da ke zuwa daga sararin samaniya. A Oktoban 2000 Vijay Pande na Jami'ar Stanford ya ƙaddamar da Folding@home, mai nazarin yadda furotin ke naɗewa a jiki da yadda kuskuren naɗin ke jawo cuta. A 2002 kuma David Anderson ya fara BOINC, manhaja ɗaya da shirye-shirye da dama za su iya hawa kanta. Abin ya kai ƙololuwa a Afrilun 2020, lokacin kullen korona, sa'ad da mutanen da ke zaune a gida suka yi wa Folding@home rubdugu har ƙarfinsa ya kai lissafi biliyan sau biliyan 2.4 a daƙiƙa ɗaya. A wancan lokacin, ko an haɗa manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya ba su kai haka ba. Mafi yawan wannan ƙarfi daga katunan zane ya fito, waɗanda asali don wasannin gem aka saye su, kuma tun da kamfanin Nvidia ya fito da fasahar CUDA a 2007 aka samu hanya mai sauƙi ta sa su lissafin da ba na hoto ba.

A yankinmu, wa zai ci karo da wannan? Ɗaliban lissafi, kimiyyar kwamfuta da injiniyanci na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, da na Jami'ar Tarayya ta Dutse, su ne suka fi jin labarin a aji ko a YouTube. Sai masu shagon buga takardu da zanen katin biki, da masu tace bidiyon kamu da walima, domin su ne ke da kwamfutar tebur mai kati na musamman. Su ne kuma cijewar za ta fi ƙona wa rai, tunda da sikirin ɗin suke neman abinci.

Abin da ke rikita mutane shi ne, idan aka bar manhajar ta yi amfani da furosesa kaɗai, kusan ba a jin komai. Furosesa ta saba da raba hankali. Tun shekarun 1960 ake gina tsarin tafiyar da kwamfuta a kan haka: kowace manhaja a ba ta ɗan ƙanƙanin lokaci, a karɓe, a ba wata, kuma kowace da matsayinta. BOINC tana ajiye aikinta a matsayi mafi ƙasƙanci. Da ka taɓa maus, Windows za ta ture lissafin gefe, ta biya maka buƙata, ta koma masa, duk kafin ƙiftawar ido. Shi ya sa mutum zai ga furosesarsa a kashi 100 cikin 100, amma ban da zafi ba abin da ya sauya.

Katin zane ba haka aka gina shi ba. Furosesa tana da manyan ƙwayoyin lissafi huɗu ko takwas, shi kuwa ƙanana gare shi ɗaruruwa ko dubbai. GTX 1060 mai gigabait 6, alal misali, yana da 1,280. Gwanintarsa ita ce yin abu iri ɗaya a kan tarin lambobi a lokaci guda. Ƙunshi-ƙunshi ake miƙa masa aiki, kuma a tsofaffin katuna idan ƙunshi ya shiga, ba mai tsayar da shi sai ya ƙare. Babu zancen matsayi, babu wane ya fi wane.

Duk wanda ya taɓa bin layin injin niƙa ya san yadda abin yake. Mai injin ya juye buhun masarar wani ɗan kasuwa a mazurari, sai ga yarinya da kwano ɗaya na dawa, tuwon dare ake jira a gida. Ba ƙin ta mai injin ya yi ba, amma ba yadda zai yi ya kwashe masarar da ta riga ta shiga; dole ta jira buhun ya ƙare. Fuskar kwamfuta ita ce yarinyar nan, sai dai ita tana dawowa da kwanonta sau 60 a kowace daƙiƙa.

Lissafin a fili yake. Sikirin na yau da kullum yana sabunta hotonsa sau 60 a daƙiƙa, wato kowane hoto milisakan 16.7 ne rabonsa. Idan ƙunshin lissafin kimiyya ya cinye milisakan 100, hotuna shida sun wuce ba a zana ba, kuma abin da ido zai gani ya faɗo zuwa hoto 10 a daƙiƙa. Idan ya cinye rabin daƙiƙa, hotuna 30 ke nan, a nan ne mutum zai rantse kwamfutar ta mutu. Tun daga Windows Vista a 2007, ta katin ake bi a zana tagogin da ke kan sikirin, kuma daga Windows 8 ba a ma iya kashe wannan tsari. Manhajar shiga intanet irin su Chrome ita ma ta katin take bi wajen nuna shafi da bidiyo. Saboda haka ba sai ana gem ba; jan taga daga dama zuwa hagu ma sai ya shiga layi.

Akwai kuma iyakar da Microsoft ta gindaya. Idan katin ya yi daƙiƙa 2 bai amsa kira ba, Windows tana ɗauka ya maƙale, sai ta sake tayar da direbansa da ƙarfi. Sikirin ya yi baƙi na ɗan lokaci, ya dawo da saƙon cewa direba ya daina amsawa amma an farfaɗo da shi. Aikin da aka yi awoyi ana yi yakan lalace nan take, a mayar da shi a matsayin kuskure. Wasu suna shiga rajistar Windows su ƙara wa'adin. Ban ga hikimar hakan ga mai shago ba: baƙin sikirin zai ragu, amma cijewar za ta ƙara tsawo.

To me ya hana masu shirye-shiryen su ƙanƙanta ƙunshin? Sukan yi, wasu ma suna ba da saitin da mai kwamfuta zai rage da kansa. Sai dai kowace miƙawa da karɓa tana cin lokaci, kuma idan ƙunshi ya yi ƙanƙanta da yawa, katin zai fi zaman jira a kan aiki. Masu binciken sakamako suke so da yawa, saboda haka sukan auna girman ƙunshin da katuna masu ƙarfi, irin na masu sa kai a Amurka da Jamus. Ƙunshin da sabon kati zai haɗiye kafin a ankara, tsohon kati zai iya ɗaukar ninkin lokacin sau goma ko ashirin a kansa. A 2016 Nvidia ta fito da jerin katunan da ta kira Pascal, su GTX 1060, 1070 da 1080, waɗanda ake iya dakatar da su a tsakiyar ƙunshi a zana hoto sannan a koma. Sabuntawar Windows 10 ta watan Mayun 2020 ta ƙara wani zaɓi na barin katin ya tsara layinsa da kansa. Waɗannan sun rage matsalar sosai, ba su kawar da ita ba, musamman idan ma'ajiyar katin ta cika.

A nan ne zancen ya iso gida. Kasuwar kwamfutarmu ta kayan hannu ce. Abin da ke shigowa Kano galibi tsofaffin HP da Dell ne da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, katunan da ake ɗora musu kuma irin su GT 730 da GTX 750 Ti ne, 'yan 2014, waɗanda aka ƙera kafin gyaran da muka ambata. Ke nan wanda ya fi ƙaramin ƙarfi shi ne ya fi shan cijewa, kuma shi ne gudummawarsa ta fi ƙanƙanta. Mafi yawan laftof ɗinmu ma ba su da kati na daban; ɓangaren zanen Intel ne da ke cikin furosesa, ram ɗaya suke ci, zafi ɗaya suke sha. Sa wa irin wannan lissafin kati wahalar banza ce, domin abin da ya samar a nan yakan rage shi daga saurin furosesa. Laftof ɗin gem mai zane biyu, Intel da Nvidia, shi ne ba ya cijewa sosai, saboda Intel ke riƙe da sikirin, Nvidia na can yana lissafi. Nasa ciwon daban ne, za mu zo kansa.

Magani mafi sauƙi yana cikin manhajar kanta. BOINC tana da akwatin da ke cewa a dakatar da aikin kati muddin ana amfani da kwamfuta, kuma a kunne yake zuwa. Sai an yi minti 3 ba a taɓa maus ko madannai ba katin zai soma. Yawancin masu kukan cijewa su da kansu suka cire alamar, ko suka zaɓi a yi amfani da kati koyaushe, don makinsu ya hau. Folding@home ma tana da zaɓin yin aiki sai kwamfuta ta huta. Sai dai wannan magani yana da tsadarsa da ba a cika faɗa ba. Duk sa'ad da aka dakatar da aikin kati a BOINC, fitar da shi ake yi daga ma'ajiya gaba ɗaya, idan ya dawo kuma daga zangon ƙarshe da ya adana zai ɗora. A shagon da kwastoma ke shigowa kowane minti biyar, katin zai yi ta farawa yana zubarwa. Haka abin yake idan aka ɗauke wuta. Kowane aiki kuma yana da wa'adi, na Folding@home 'yan kwanaki ne. Kwamfutar da ba ta samun wuta sai awa biyu a rana za ta riƙe aikin har wa'adin ya wuce, a sake tura wa wani. Mutum ya yi niyyar taimako, ya ɓuge da jinkirta binciken.

Wanda ke da kwamfutar tebur mai zanen Intel a ciki yana da mafita mafi kyau: ya zare wayar sikirin daga katin ya soka ta a ramin babban allon kwamfutar, ya kunna zanen ciki a saitin BIOS in a kashe yake. Daga nan Intel ya riƙe hoto, katin ya zama na lissafi zalla. Mai tace bidiyo ko zane da CorelDraw kuma zai iya rubuta sunan manhajarsa a jerin waɗanda idan suna buɗe BOINC za ta janye. Ya kuma bar ƙwaya ɗaya ta furosesa ba aiki, domin katin ba ya ciyar da kansa, furosesa ce ke miƙa masa ƙunshin.

Duk wannan gyaran saiti ne, minti goma ya isa. Tambayar da ta fi nauyi a Gaya da Ajingi ita ce wa ke biyan kuɗin wutar. An gina sadakar lissafi ne a kan tunanin cewa kwamfutar dama a kunne take, wuta kuma araha ce. Katin da ke zaune yana nuna takarda wuta kaɗan yake ja. Da ya shiga lissafi, GTX 1060 zai kai wat 120. A kwana ɗaya cur yunit 2.88 ke nan, a wata yunit 86 da ɗoriya. A farashin Naira 225 kan kowane yunit da hukumar NERC ta yanka wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, ya haura Naira 19,000 a wata, kuma katin kaɗai muka lissafa, ba furosesa, ba sikirin. Garuruwan karkara galibi ba sa cikin rukunin da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, don haka shago yana kan janareta ne ko sola. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000. Ƙona fetur don a warware wa wata jami'ar Amurka lissafi, a ganina, ba sadaka ba ce, rashin lissafi ne.

Sola ce kaɗai ke da rarar gaske. Idan batir ya cika da rana tsaka, hasken da ke sauka a kan faifan a banza yake tafiya, kuma BOINC tana ba da damar a ce ta yi aiki daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Amma akwai tarko a nan. Manhajar tana da saitin tsayawa idan kwamfuta ta koma kan batir, sai dai batirin laftof kawai ta sani. Idan aka soka ta a inbata, a wurinta wutar KEDCO ce, za ta ci gaba da ja har batirin gida ya yi ƙasa, fanka ta tsaya wa iyali da tsakar dare. Dole mutum ya sa awoyin da hannunsa.

Kuma lokacin da rana ta fi kyauta, shi ne lokacin da ta fi zafi. A Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yakan haura 40 a nan, a ɗakin kwano mara silin kuwa sai abin da Allah Ya yi. Gaya, garin da tarihi ya san shi da maƙera, ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da zafi ke yi wa ƙarfe. Idan kati ya kai iyakar zafinsa yakan rage saurinsa da kansa don kada ya ƙone, ƙunshin da yake gamawa da wuri ya ƙara tsawo, cijewar ta ƙaru. Ƙurar hunturu da ta toshe fanka ita ke ƙarasa aikin. Wannan ne ciwon laftof ɗin gem: sikirin lafiya lau, amma batir da fanka suna tsufa da wuri. Hatta BOINC ta wayar Android, wadda ta fito a 2013, a saitin da take zuwa da shi ba ta aiki sai waya na kan caji, batir ya kai kashi 90, zafinsa kuma bai wuce 40 ba. A bazarar Ajingi sharaɗin ƙarshen nan kaɗai ya isa ya zaunar da ita.

Wani abin lura shi ne, binciken da ya fi shafar mu kai tsaye bai ma nemi katin zane ba. Shirin malariacontrol.net na cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Basel a Suwizalan, wanda ya yi hasashen yadda gidan sauro da magani da rigakafi za su rage zazzaɓin cizon sauro, da furosesa ya yi aiki. World Community Grid, wanda IBM ta kafa a 2004 kafin ya koma hannun cibiyar Krembil ta Toronto, ya tace sinadaran maganin zazzaɓin daga 2011 zuwa 2013, ya ɗauki na Ebola a 2014, sannan a 2019 ya karɓi aikin Jami'ar Fasaha ta Delft na kwaikwayon yadda ruwan sama ke sauka a Afirka kudu da Sahara don amfanin manoma. Duk da furosesa. Ga ƙasarmu da ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, da yankin da gero da dawa da gyaɗarsa ke jiran damina, irin wannan aiki ya fi cancantar a ba shi aron kwamfuta. Sai dai a kula da data, domin fayilolin aikin ruwan saman manya ne; akwai saitin da ke ƙayyade megabait nawa za a ja a rana.

Matasan da suka sha danna waya a zamanin Notcoin da Hamster Kombat a 2024 su sani, shirye-shiryen nan ba sa mayar da makin da suke bayarwa Naira. Su kuma sani cewa irin wannan cijewar tana iya zuwa ba tare da mutum ya saka komai da saninsa ba. Manhajojin sata da ake zubawa daga filashi sukan zo da ɓoyayyen mai haƙar kuɗin kirifto, wanda ke murƙushe kati kamar yadda BOINC ke yi, sai dai ribar ta wani ce. Tun 2017 Task Manager na Windows 10 yana nuna aikin kati. A duba har da sashen lissafi, domin jadawalin da ke fara bayyana na zane ne, yana iya nuna shiru alhali katin yana tafasa. A wannan karon mai gyaran da ya ce bairos ne yana da gaskiya.

Kwamfutar da ba taka ba kuwa, kada ka kusance ta da wannan. A 2009 wani jami'in kwamfuta na gundumar makarantun Higley a jihar Arizona ya rasa aikinsa bayan an gano SETI@home a kan dubban kwamfutocin makarantun. Ɗakin kwamfuta na makaranta, na sakatariyar ƙaramar hukuma, da cibiyar jarrabawar JAMB amana ne. Ɗalibin da kibiya ta cije masa ana tsakiyar jarrabawa ba ruwansa da naɗin furotin.

Hukuncina shi ne: mai laftof na hannu ya kashe zaɓin kati gaba ɗaya, ya ba da rabin furosesarsa in yana da rarar wuta. Mai shagon da ke kan janareta ya haƙura, ba a kansa wannan sadakar take ba. Mai kwamfutar tebur da sola, wanda katinsa na 2016 ne zuwa sama, ya mayar da sikirin kan Intel, ya ƙayyade awoyi, ya busa ƙura duk wata, ya kuma ba katin hutu daga Maris zuwa faɗuwar ruwan farko. Wanda kuma sikirinsa ke cijewa yau, kafin ya nemi motar Kano, ya dakatar da aikin katin ya motsa maus ya gani.